Tsuntsaye da dogonyaron Shai Hills

Ranar Asabar na bi 'yan'uwa daga unguwar Nima a Accra zuwa gandun dajin Shai Hills, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda dogonyaro ya mamaye wurin, har yana neman kore ciyawa da itatuwan da ƙasar ta gada. Asalin bishiyar daga yankin Indiya take, an shigo da ita Ghana a zamanin mulkin mallaka, amma yawancin waɗanda na gani babu hannun ɗan Adam a shukarsu. Tsuntsaye da jemagu ne ke cin 'ya'yan idan sun nuna, su yar da ƙwallon nesa da uwar. A gindin wata bishiya da tsuntsaye ke yawan sauka na ga tsirran dogonyaro sun fito cunkus, ga farin kashin tsuntsu a kan ganyensu.

Duk da haka ban ga laifin tsuntsu ba, domin da wannan aikin ne dazuzzukanmu suke rayuwa. A kurmin Kakum, manyan tsuntsaye dangin cilakowa ne ke iya haɗiye 'ya'yan itatuwa masu manyan ƙwallaye, kuma idan farauta da saran daji suka ƙarar da su, waɗannan itatuwa za su rasa mai yaɗa irinsu. A ganina ya kamata a dage wajen tumɓuke dogonyaro a gandun Shai Hills, mu kuma a unguwanninmu mu riƙa dasa ɓaure da kanya, mu hana yara harbin tsuntsaye da danƙo.