Fim ɗin cin amanar aure bai dace da yara ba

Ku fara duba alamar shekaru. A Amurka, R na nufin wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba. A Birtaniya kuma 15 ko 18 ake rubutawa.

Wasu iyaye kan ce za su tsallake wuraren batsa da rimot. Hakan bai wadatar ba, domin ƙarya, leƙen waya, kishi da barazanar kisa su ne ƙashin bayan labarin. Ƙaramin yaro bai gama bambance wasa da gaske ba. Sai ya fara zargin babansa in ya makara, ko tsoro ya hana shi barci.

Wanda aka tace a talabijin ma daban yake da na intanet. Ku kalla ku kaɗai tukuna, ku kulle asusunku na Netflix da lambar sirri.