Abin da ke ɓacewa idan an sabunta rauta

Aikinmu kafa intanet ne a ofisoshi da makarantu da gidaje, amma abin da ya fi sa a neme mu shi ne aikin da mutane suka fi rainawa, wato sabunta manhajar cikin rauta, na'urar da ke rarraba intanet, ba tare da an yi asarar komai ba. Yawancin rautocin da ke hannunmu OpenWrt ne a kansu, manhajar nan ta kyauta da ta faro a 2004 da rautar Linksys WRT54G.

Sau da yawa mai rauta yakan ce mini, "Malam, ai akwai wurin da ake dannawa a riƙe saituna, me kuma za ka yi?" To, saituna kam yana riƙewa. Sysupgrade, umarnin da ke yin sabuntawar, kan tattara fayilolin da ke /etc/config da wasu 'yan kaɗan, ya share ma'ajiyar, ya rubuta sabuwar manhaja, sannan ya mayar da su. Amma ƙananan manhajojin da ka girka da kanka daga baya ba ya ɗaukar su. Misali, saitin WireGuard ɗinka, manhajar haɗin sirri ta VPN, na nan daram, WireGuard ɗin kuwa ya tafi, kamar a bar maka makulli a cire ƙofar.

Wanda ya fi cizo shi ne rautar da ke samun intanet ta modem na USB. Direban modem ɗin, wato manhajar da ke sa shi aiki, shi ma girka shi aka yi, saboda haka da an sabunta ya ɓace. Rauta ta tashi, fitilu na ci, Wi-Fi na nan da sunansa, amma babu intanet, kuma sai da intanet za a sauko da direban. Idan na'urar tana saman rufin wani reshe mai nisa, sai an tashi mutum takanas. Irin wannan ɓarnar muke gyarawa bayan masu arha sun wuce. Sun kalli bidiyo ɗaya, sun danna, sun karɓi kuɗi, wayarsu a kashe.

Mu ba ma taɓa rauta sai mun ɗauki kwafin ajiya mun fitar da shi zuwa kwamfuta, tare da jerin duk abin da aka girka, wanda sysupgrade -k ke haɗawa a ciki. Idan akwai fayil a wani lungu, ko makullin sirri ko ɗan rubutun umarni da wani ya ajiye shekarun baya, sai mu sa hanyarsa a /etc/sysupgrade.conf don kada a bar shi a baya. Daga nan mu haɗa sabuwar manhajar da kanmu da kayan aikin OpenWrt, Image Builder ko Attended Sysupgrade, yadda direbobi da sauran kayan za su zo a dunƙule a cikinta. Rauta na tashi, komai na wurinsa. Muna duba lambar sha256, mai tabbatar da cewa fayil bai lalace ba, kafin mu rubuta, kuma ta kebul muke aikin, ba ta Wi-Fi ba.

Maigidan da ya koya mini bai yarda in riƙe rauta mai rai ba sai da na iya tayar da matacciya. Zai ajiye mini wadda ta ƙi tashi, a buɗe, da kebul na siriyal mai wayoyi uku, ya ce in nemo inda za su zauna a kan allon. Ina kallon rubutu na gangarowa a fuskar kwamfuta, ina jiran daƙiƙar da zan katse shi in tura manhaja ta TFTP, wata hanyar aika fayil daga kwamfuta. A wurinsa na saba da juya na'ura in karanta takardar ƙasanta, domin masu ƙera rauta sukan canza kayan ciki su bar suna yadda yake, sai dai v1 ya koma v2. Har gobe akwai dillalan da za ka ce su kawo ɗaya su kawo ɗayar, su rantse duk ɗaya ne.

Wani lokacin ma riƙe saitunan ne haɗarin. A sigar OpenWrt ta 21.02 na'urori da dama sun bar swconfig, tsohon tsarin sarrafa ramukan kebul, sun koma DSA, tsohon saitin VLAN mai raba hanyar sadarwa kashi-kashi ba ya aiki a kansu, dole a sake shi da hannu. A 22.03 katangar tsaro ta koma sabon tsari, nftables, dokokin tsohon tsarin iptables da aka rubuta da hannu sai an fassara su. Rautoci masu ma'ajiya 4MB da RAM 32MB kuwa an daina tallafa musu bayan 19.07, kuma ina faɗa wa mai ita gaskiya ko da ransa zai sosu.

Masu cewa "ai minti biyar ka yi" suna neman ragi, nakan buɗe musu jerin manhajojin rautarsu in tambaye su wanne za mu bari ya ɓace. Har yanzu ba wanda ya zaɓa.