Yadda na sa dodon kati ya yi numfashi

Katin Magic: The Gathering milimita 63 ne a faɗi, 88 a tsawo, hoton da ke jikinsa kuma bai cinye rabin filin ba. Amma a ɗan wannan wuri mai zane kan cusa dodo da fukafukansa da ɓawon jikinsa, ga hayaƙi, ga duwatsu can baya. Tun 1993 da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasan da Richard Garfield ya ƙirƙira, akwai masu tara katunan saboda zanen kawai. Ina cikinsu. Shi ya sa na ɗauki katin wani dodo mai aman wuta, na ce bari in mayar da shi zanen fiksil, wato na ƙananan ɗigon allo, irin na tsofaffin wasannin bidiyo, sannan in sa shi ya motsa.

Kafin in ɗiga ko ɗaya, sai da na zauna na ƙare wa aikin magabata kallo. A 1998 an fitar da wasan katin Pokémon a na'urar Game Boy Color a Japan. Allon na'urar gaba ɗaya fiksil 160 ne da 144, hoton kati kuwa ɗan ɓangare ne a ciki, launukan ma ba su da yawa. Duk da haka kana gani ka san wace halitta ce, domin masu zanen sun ɗauki abin da ido ke fara kamawa, sun bar sauran.

Na buɗe manhajar zane ta Aseprite, na yanki fili 64 da 48, ɗigo 3,072 ke nan. Wanda ba ya son sayen ta, manhajar Piskel kyauta ce kuma tana isa. Kada ma mutum ya ɓata lokaci wajen sa kwamfuta ta ƙanƙance hoton asali, abin da take bayarwa dagwalo ne. Da baƙi zalla na fara, siffar jiki kawai: wuya, ƙaho, baki a wangame, fiffike. In ba a gane dodo ne a wannan matakin ba, launi ba zai cece shi ba. Dole ta sa na ƙara wa kan girma fiye da yadda yake a katin, na kuma rage haƙora zuwa uku manya, don haƙori na gaskiya a wannan ma'auni bai kai ɗigo guda ba.

Launi goma sha biyu na ware. Abin da ya fi amfanata a nan shi ne, inuwar ja ba ja mai duhu ba ce kawai. In aka karkata ta wajen shunayya, aka karkata haskenta wajen ruwan ɗorawa, sai jikin ya cika ya yi nauyi. Haske kuma daga wuri ɗaya zai zo, a nawa daga wutar bakinsa. Ɓawon jiki kuwa a kafaɗa da ƙashin baya kaɗai na nuna shi, idon mai kallo ya ƙarasa sauran.

A wajen motsi ne aikin ya zama nawa. Mai zanen kati yana kama ƙololuwar abu ne: baki a buɗe, wuta ta riga ta fito. Me ya faru kafin nan? Me zai biyo baya? Katin bai faɗa ba, ni zan ƙirƙiro. Sai na ajiye hoton katin a tsakiyar jerin hotunan da ke haɗa motsin, na gina gaba da baya. Na raba kai da fiffike da ƙirji da wuta, kowanne a shimfiɗarsa daban a cikin manhajar, don in taɓa ɗaya ba tare da na ɓata saura ba. Na kunna abin da ake kira fatar albasa, wanda ke nuna hoton baya dishi-dishi a ƙarƙashin wanda ake zanawa.

Numfashi ya fi aman wuta wuya, abin mamaki. A tsawon ɗigo 48, matsar da ƙirji da ɗigo ɗaya babban motsi ne, sai ka ga dodon kamar yana shaƙuwa. Dabarar ita ce a bar ɗigon a inda yake, a sauya masa launi: na gefen ƙirji ya ɗan yi haske, sannan ya dawo. Ido zai ɗauka rabin ɗigo aka matsa.

Sai lokaci. In kowane hoto ya daɗe daidai da ɗan'uwansa, a ce goma a daƙiƙa, motsin zai fito kamar na inji. Na bar dodon ya ja kai baya a hankali, ya ɗan tsaya ƙirji a kumbure, sannan ya kai sara cikin hotuna biyu gajeru ƙwarai. Wannan tsayawar kafin sara ita ke ba wutar ƙarfi. Da na cire ta don gwaji, wutar ta koma ba komai ba, alhali ban taɓa zanenta ba. Ita kanta wutar ba ta son tsari, sai na bar harshenta ya kakkarye, ƙananan tartsatsi su tashi sama su mutu kafin hoton ƙarshe, don kada a ga mahaɗa in motsin ya koma farko.

Zanen asali na kamfanin ne, kuma sunan mai zanen yana rubuce a ƙasan katin. Nawa ba na sayarwa ba ne, kuma duk inda na nuna shi ina ambaton sunansa.

Na fitar da shi a GIF, tsarin hoto mai motsi, wanda ke ɗaukar launi har 256, nawa sha biyun ba su kai ko kusa ba. Sai dai hoto mai faɗin 64 ƙanƙane ne a allon yau. Ninki takwas na yi masa, ya koma 512 da 384, kuma na zaɓi ƙarin girman da ba ya gauraya launuka. Ninkin dole ya zama cikakken lamba, biyu ko huɗu ko takwas, in ba haka ba wasu ɗigon za su fi wasu faɗi, ƙahon da ka sha wuya a kai ya fito a karkace.