Warin da turare ya kasa rufewa

Laraba, 25 ga Satumba 2024, Zinder

Ban jira gari ya gama wayewa ba. Ina sallame sallar asuba na ɗauki tocila na nufi lungun bayan ƙofar falo, ɗan wurin da ledar ɗaki ba ta kai ba. Jiya da azahar Kawu ya sa ni a waya na yanko farar leda irin ta ƙulla kaya, santimita 45 kowane gefe, na shimfiɗa a kan simintin, na bi bakinta da salatif yadda iska ba za ta samu hanya ba. Ya ce kada in taɓa sai ta yi awa 16. Da na ɗaga, cikinta duk raɓa, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya, simintin da ta rufe kuma ya fi na gefensa duhu. Na daɗe a tsugune ina kallo. Sati bakwai ina neman inda warin nan ke fitowa, ashe kullum a kansa nake takawa.

Tun farkon Agusta abin ya soma. Bikin ƙanwar maigida ya matso, baƙi za su zo daga Magariya da Mirriya da Maraɗi, simintin falo da na uwar ɗaki kuwa duk ya farfashe. Aka sa magini ya zuba sabo. Kwana tara tsakani aka sayo leda mai zanen katako, mai shimfiɗa ya zo ya shafe ƙasa da gam, ya manna ta tsaf har jikin bango. Ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ranar da aka gama na tsaya bakin ƙofa ina jin daɗi har cikin raina.

Warin farko mai kaifi ne, irin na sholishon masu facin taya, yana hawa kai. Kowa ya ce warin sabon abu ne, zai wuce. Ya kuwa ragu bayan sati biyu. Sai wani ya maye gurbinsa, mai nauyi, tsakanin warin roba da na rigar da aka ninke ba ta bushe ba, da ɗan zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Shi ne ya ƙi tafiya. In aka rufe ɗaki aka fita, da an dawo shi ke fara yi wa mutum maraba.

Babu abin da ban yi ba. Na jawo gado da kujeru ina neman mushen ɓera ko jaɓa. Na sa an duba masai ko shi ne ya cika da ruwan sama. Na goge ledar da omo, na goge da ruwan lemun tsami, na ajiye gawayi a kwanuka kusurwa huɗu. Turaren wuta kuwa, wanda na tanada don shekara guda ya ƙare a wata ɗaya. Duk macen Damagaram ta san abin da nake nufi. A garin nan tun kafin a ga fuskar mace ake jin ƙamshin ɗakinta, iyayenmu sun raine mu a kan kasko da humra, amarya ba ta tarewa sai an turara ta an turara ɗakinta. To ni ce yau baƙuwa za ta shigo, ta zauna, in ga ta ɗan ja gefen mayafi zuwa hanci tana yi kamar gyara shi take. Ba wadda ta ce mini komai, kuma shirun ya fi maganar ciwo. Na kwana ina tunanin me ake faɗa a kaina in an fita. Hayaƙin turare da warin nan in suka haɗu ba ɗayan da ke korar ɗaya, sai su zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni, amma ban daina zubawa a garwashi ba, don ban san me zan yi ba in na daina.

Abin da ya sa na kira Kawu ba kunya ba ce, auta ce. Watanta goma, rarrafe take, fuskarta ba ta fi taƙi ɗaya daga ledar ba, abin da ta tsinta kuma sai baki. Sati uku ke nan tana tari da dare, idanunta na ruwa. Lokacin zazzaɓin sauro ne, don haka ranar Litinin na kai ta aka yi gwaji, ba a samu komai ba. Ma'aikaciyar jinyar ta saurari ƙirjinta, ta tambaye ni ko muna girki a cikin ɗaki, ko muna yawan hayaƙi, ko an yi sabon fenti. Na ce sabuwar leda dai. Ta ce in fitar da yarinyar daga ɗakin na ƴan kwanaki in gani, in tarin ya ƙaru ko numfashi ya yi mata wuya in dawo da ita ba tare da jinkiri ba. Ni ma kaina yakan yi nauyi in na wuni a falo, na ɗauka gajiyar biki ce ba ta sake ni ba.

Wajen ƙarfe tara Kawu ya iso daga Birni, tsohuwar unguwar garin nan, a kan babur ɗin jikansa. Ya yi shekaru yana duba ayyukan gine-gine kafin ya ajiye aiki, kuma har yau in ya shiga gida ƙasa yake fara kallo kafin sama. Na nuna masa farar ledar. Ya shafa raɓar da yatsa, ya ce, «Ɗiyata, kwana nawa aka bar simintin kafin a rufe shi?» Na ce tara. Ya yi shiru, sannan ya nemi a ba shi tabarma a tsakar gida, ya ce ba zai zauna ciki ba.

Bayaninsa na rubuta shi a bayan littafin cefane don kada in manta. Siminti, in ji shi, taurinsa daban, bushewarsa daban. Kwana biyu ya isa a taka shi, ƙarfinsa kuma sai ya yi kwana 28 ake lissafa ya cika, amma ruwan da aka kwaɓa shi da shi a hankali yake fita. Ƙiyasin masu gini shi ne milimita ɗaya a rana, in iska na shiga kuma gari a bushe yake. Namu kaurinsa ya kai santimita 4, kwana 40 ke nan ko da rani ne. Mu kuwa a tsakiyar damina muka zuba, damina irin ta bana da ta kai tsohon masallacin Birni ƙasa a farkon watan nan, ginin da ya haura shekara 170 a tsaye. Da ya ambaci masallacin sai muryarsa ta canza, don a inuwarsa ya girma. Ya ce ƙasar garin duk ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma in magini bai shimfiɗa roba a ƙarƙashi kafin ya zuba ba, damshi daga ƙasa ma yana hawowa.

Leda ba ta numfashi. Ruwan da ya rasa hanyar fita sai ya taru tsakaninta da siminti, kuma ba ruwa ne kawai ba, yana da kaifi irin na ruwan toka, ya ma fi shi. A ma'aunin kaifi da ya tsaya a 14, sabon siminti yana kaiwa 12 zuwa 13. Wannan kaifin shi ke cin gam, ya kuma ci man da ake haɗa robar da shi don ta yi laushi ta naɗu. In suka lalace sai su saki wani sinadari, ya rubuta mini sunansa da hannunsa, 2-etil-heksanol, mai sa ƙaiƙayin ido da hanci da maƙogwaro. Warin farko na sholisho ruwan gam ne ke tashi, iska na kwashe shi ya ƙare. Na biyun kuwa kullum sabo ake ƙerawa a ƙarƙashin ƙafarmu muddin damshin na nan, shi ya sa buɗe taga ba ya gama da shi, zafi kuma ƙara shi yake. Ya ce, «In kika bar shi har bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba mai iya kwana a ɗakin nan.»

Maigida ya dawo daga kasuwa da azahar. Na san abin da ke ransa tun kafin ya buɗe baki: jika 90 tsakanin leda da gam da kuɗin aiki, ga bashin biki bai gama biya ba. Ya gaida Kawu, ya saurara, ya ce ko za a ƙara haƙuri zuwa hunturu a gani. Ban sa baki a gaban Kawu ba. Da ya shiga ɗaki na bi shi na ce, «Malam, ni zan iya haƙuri, auta ce ba ta da bakin da za ta ce ta gaji.» Ya dube ni, ya dubi yarinyar a bayana, ya fita ya ɗauko wuƙa.

Daga kusurwar gabas ya fara. Ledar ta taso ba gardama, abin da bai kamata ba ga abin da aka manna. Gam ɗin ya koma kamar kunun da ya kwana, yana yauƙi, wani wurin ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Warin da ya bugo mu sai da na fita da gudu na kai auta wurin Hajiya, kakarta. A ƙarƙashin gadonmu ya fi ko'ina jiƙewa, daidai inda nake shimfiɗa mata in tana barcin rana.

An kira mai shimfiɗar ya zo bayan la'asar. Bai yi musu ba. Ya ce shi ya lura simintin da sauran sanyi, har ya ce da an ɗan jira, aka ce masa biki saura kwana uku. Gaskiya ne an faɗa masa haka, ni ma ina wurin. Amma «da an ɗan jira» a bakin mai sana'a ba gargaɗi ba ne. Wanda ya san abin da zai biyo baya, haƙƙi ne a kansa ya faɗa da ƙarfi, ya ce gam zai ruɓe, ɗaki zai yi wari, yara za su shaƙa. Da mun ji haka da tabarmi muka shimfiɗa wa baƙi, ba wanda zai ce biki bai yi ba. Na faɗa masa hakan cikin mutunci, ya karɓa, ya kuma tsaya ya taya su kankare ƙasa bai nemi ko dala ba. Na ga girmansa a nan.

Shawarwari suka yi ta zuwa daga maƙwabta, Kawu na tare su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce a wanke gam ɗin da fetur, Kawu ya ce tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gidan, a kankare da ƙarfe kawai, tagogi a buɗe. Wata ta ce a hura gawayi a rufe ɗakin ya bushe da wuri, ya ce iskar gawayi a rufaffen ɗaki ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Yaran unguwa suka so jan ledar zuwa juji su cinna mata wuta, ya hana, ya ce hayaƙin irin wannan roba guba ne, yana ƙona ƙirji. An naɗe ta an jingine bayan gida inda rana ke bugu, nesa da inda yara ke wasa.

Hajiya tana zaune a ƙofar ɗakinta da auta a cinya, tana kallon ana fito da tarkace. Can ta ce mini, «Ƴar nan, mu da muka tare, daɓe aka yi mana.» Ta ba ni labarin yadda matan unguwa ke taruwa da madaɓai, a zuba tsakuwa da ƙasa, a yi ta bugu ana waƙa tun hantsi har rana ta karkata, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ja-ja tana sheƙi. Ta ce ba amaryar da ake shigarwa sai daɓe ya bushe, kuma tsofaffi ne ke zuwa su dafa da tafin hannu su ce ya yi ko bai yi ba. Ƙamshinsa in aka yayyafa ruwa da yamma, ta ce, har yau yana hancinta. Ita ce fa ta fi kowa matsa mini da ƙara turare a makonnin nan, amma yau ba ta ambace shi ba ko sau ɗaya. Ta ce auta ta kwana wurinta har ɗakin ya gyaru.

Abin da aka tsayar kafin Kawu ya tafi: falo da uwar ɗaki za su zauna siminti tsirara, ƙofa da tagogi a buɗe, fanka na aiki duk lokacin da akwai wuta. Ba za a wanke ƙasan da ruwa ba, shara kawai. In iskar hunturu ta sauko a Nuwamba za ta yi mana rabin aikin. Duk sati biyu zan sake manna farar leda a wuri uku, har da ƙarƙashin gado, kuma ba za a shimfiɗa komai ba sai ta fito a bushe sau biyu a jere. In damshin ya ƙi ƙarewa, to daga ƙasa yake, sai a sake shawara da magini. Maigida ya ce in Allah ya hore karo, wato tayil, za a sa, ko da ɗaki ɗaya ne a shekara. Na ce na yarda, ko shekara biyu ne.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Mun ɗaura gidan sauro a rumfa, maigida ya yi barci, tafin hannunsa duk ƙuraje saboda kankara. Har yanzu in iska ta juyo daga falo ina jin warin, amma ya yi sauƙi. Na leƙa ɗakin Hajiya sau biyu. Auta ta yi tari sau ɗaya wajen ƙarfe tara, tun daga nan shiru, tana kwance ta dafa hannun kakarta. Gobe da safe zan wanke labule da zannuwan gado, don su ma sun sha warin, in shanya su a rana.