Aikin da ya riga malam masallaci

Shugabar masu gwajin manhaja a wurin aikinmu ce ta same ni da wata buƙata da ba ta taka kara ta karya ba. Ta ce, "Malam, idan mai gyara ya gama da tikiti ya mayar da shi 'A gwada', ina so ya faɗo hannun ɗaya daga cikin yarana kai tsaye, imel kuma ya je masa. Mun gaji da bin tikitoci muna tambayar na wane ne." Na ce mata, "Hajiya, wannan ai aikin minti goma ne." Ni ke kula da Jira a wajen, manhajar kamfanin Atlassian da muke rubuta kowace matsala da kowane aiki a cikinta, kowanne da tikitinsa. Minti goman nan sai da suka ci min fiye da mako biyu, kuma duk inda aka bi aka dawo laifin nawa ne.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan fage ba, kowane tikiti a Jira tafiya yake yi daga matsayi zuwa matsayi: sabo, ana gyara, a gwada, an rufe. Kowane sauyi kuma yana da matakai uku. Akwai sharaɗi, wanda ke yanke wa zai ga madannin ma tukuna. Akwai tantancewa, mai duba ko an cike abin da ya kamata a cike. Sai kuma ayyukan da manhajar ke yi da kanta bayan an danna, waɗanda ke jere da lambobi, tana bin su daga sama zuwa ƙasa. A cikin wannan jerin na sha wuya.

Ayyuka biyar ne za ka tarar a jerin tun kafin ka taɓa komai. Na farko yana sa wa tikitin sabon matsayinsa. Na biyu yana liƙa sharhin da mutum ya rubuta yayin sauyin, in ya rubuta. Na uku yana rubuta tarihin abin da ya canza, ya adana tikitin a rumbun bayanai. Na huɗu yana sabunta fihirisar da bincike ke dogara da ita. Na biyar yana shelanta cewa wani abu ya faru, kuma wannan shelar ce tsarin sanarwa ke saurare kafin ya aika imel. Ba ka iya goge ɗaya daga cikinsu, ba ka iya sauya musu jeri, amma kana iya cusa naka a tsakaninsu.

Da na ƙara nawa, wato "miƙa tikitin ga wane", sai ya faɗo can sama, lamba ta ɗaya. Na dube shi na ga bai yi min ba. Ta yaya za a miƙa wa mai gwaji tikiti alhali matsayinsa bai ma koma "A gwada" ba? A tunanina a gama komai tukuna, sannan a miƙa. Sai na yi ta danna kibiyar ƙasa har ya koma na shida. Na wallafa tsarin, na gwada da tikiti ɗaya, na ga matsayi ya sauya, na rufe kwamfuta. Ban ko kalli gurbin mai riƙe da tikitin ba.

Washegari Hajiya ta turo min lambobin tikitoci, duk suna "A gwada", duk kuma suna hannun masu gyara kamar yadda suke jiya. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Wannan shi ya fi ɗaure min kai, domin da wani abu ya yi ƙara da na san inda zan dosa.

Sai da na zauna na karanta ayyukan biyar ɗin nan a tsanake, kalma bayan kalma, sannan na gane. Yayin sauyi, manhajar tana riƙe da kwafin tikitin ne a ƙwaƙwalwarta, ayyukan da ke canza gurabe kuma a kan wannan kwafin suke rubutu. Aiki na uku shi ke ɗaukar kwafin ya adana. Nawa, da yake na shida, ya yi rubutunsa daidai, amma a kan takardar da an riga an kwafe ta an ajiye. Bai yi kuskure ba, shi ya sa bai yi ƙara ba. Na ɗaga shi sama da na uku, nan take komai ya zauna: canjin ya shiga tarihi, bincike ya gan shi, imel ya je wa mutumin da ya dace, tunda lokacin da shela ke fita sunan sabon mai riƙewa ne a kai.

Daga nan na ƙulla wa kaina doka cewa duk aikin da na ƙara, a sama zai zauna. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan 'yan kwanaki aka nemi duk sabon tikitin da ya shafi fitar da sabon zubin manhaja ya zo da ƙananan tikitoci uku a ƙarƙashinsa. Muna da wata ƙaramar manhaja da aka ɗora a kan Jira mai yin irin wannan, na sa aikin a kan sauyin farko, wato na ƙirƙirar tikiti, na bar shi a sama bisa dokata. Ƙananan tikitocin ba su fito ba. Jerin sauyin farko daban yake: aikin da ke kansa shi ne wanda ke ƙirƙirar tikitin kansa. Kafin wannan aikin ya gudana tikitin ba shi da lamba, ba ya rumbun bayanai, babu shi. Na nemi a haifi 'ya'ya uwa ba ta zo duniya ba. Na riga malam masallaci ke nan. Na sauko da shi ƙasa, ya yi aiki.

Na yar da dokar na koma yi wa kowane aiki tambaya: canza wani abu zai yi a jikin tikitin, ko kuwa yana buƙatar tikitin ya riga ya zauna ne ya karanta shi? Na farko kafin adanawa, na biyu bayan adanawa. Akwai 'yan wuraren da ba su bin wannan sak. Misali, takardun Atlassian sun bayyana cewa in kana son cike gurbin da ke nuna an warware matsala tun a lokacin ƙirƙira, bayan aikin ƙirƙira za ka sa shi, sannan ka bi shi da wani aikin adanawa na musamman. Amma a yawancin lokuta tambayar nan ta ishe ni.

Duk wannan sharar fage ne idan aka kwatanta da abin da ƙa'idojin aiki da kai, wato umarnin da kake tsara wa Jira ta riƙa aiwatarwa da kanta idan wani abu ya faru, suka koya min. Wannan ɓangaren asalinsa wani kamfani ne mai suna Code Barrel ya gina shi, Atlassian ta saye shi a 2019, yanzu ya zama jikin Jira. Kowace ƙa'ida tana da abin da ke tayar da ita, da sharuɗɗa, da ayyuka, kuma ta fi jerin da na bayyana daɗin sarrafawa nesa ba kusa ba. Daɗin nan ne ya ruɗe ni.

Na rubuta ƙa'idoji biyu, kowacce da aikinta, don a ganina hakan ya fi tsafta. Ta farko, da an buɗe tikiti, tana duba kalmomin da ke kansa ta cike gurbin "rukuni". Ta biyu, ita ma da an buɗe tikiti, tana duba gurbin rukuni ta miƙa shi ga shugaban rukunin. Na ma sa musu lamba 1 da 2 a gaban sunayensu, kamar lambar za ta sa ɗaya ta jira ɗaya. Suna kawai ne, bai shafi yadda suke gudana ba. Abu ɗaya ke tayar da su biyun, kowacce ta kama gabanta, kuma babu alkawarin wace za ta fara ko wace za ta gama. Ta biyun tana isa ta tarar da gurbin wayam, ta ga sharaɗinta bai cika ba, ta koma ta kwanta. A kundin bibiya kuwa, inda kowace ƙa'ida ke rubuta abin da ta yi, ta farko ta nuna nasara, ta biyu ta nuna ba ta yi komai ba. Babu wadda ta yi ƙarya.

Wani matashi a cikin masu gyara ne ya leƙo allona ya ce, "Oga, me zai hana ka haɗe su wuri ɗaya?" Na haɗe su: cike rukuni, sannan duba rukuni, sannan miƙawa. A cikin ƙa'ida ɗaya ayyuka a jere suke tafiya, wannan tabbas ne. Amma duk da haka gurbin wayam ta gani.

A nan na tarar da tsohuwar matsalata ta canza riga. Ƙa'ida tana ɗaukar hoton tikitin ne a lokacin da aka tayar da ita, da wannan hoton take aiki har ta gama. Aikin farko ya cike gurbin a rumbun bayanai, amma hoton da ke hannunta na ɗazu ne. Akwai wani aiki da aka tanada don wannan, mai sake ɗauko bayanan tikitin sabo fil. Na cusa shi tsakanin cikewa da dubawa, aka wuce wajen.

Rassa su ne na ƙarshe da suka kayar da ni. Idan kana so ƙa'ida ta yi wani abu a kan dukkan ƙananan tikitocin wani tikiti, reshe kake buɗewa. Na buɗe reshe ya rufe ƙananan, a ƙasansa na sa aikin rufe uwar, wadda tsarinmu bai yarda a rufe ta ba sai 'ya'yanta duk sun rufu. A allo abin a jere yake, reshe a sama, rufe uwa a ƙasa. A aikace kuwa reshe mai tikitoci da yawa gefe yake warewa ya yi ta kansa, gangar ƙa'idar ba ta tsayawa jiransa. Wata rana 'ya'yan su riga, wata rana uwar ta riga ta tarar da ƙofa a rufe. Irin wannan ta wani lokaci a yi wani lokaci a ƙi ita ce mafi cin rai, don duk sanda ka zauna gwadawa sai ta yi lafiya lau.

Zan faɗi abin kunyar da na yi, don na san ba ni kaɗai ba ne. Na jera aikin sake ɗauko bayanai sau da yawa a bayan reshen, ba don ina buƙatar bayanan ba, sai don ya ɓata 'yan daƙiƙoƙi ko reshen zai gama. Ya yi aiki na wasu kwanaki. Ranar da aka sami tikiti mai 'ya'ya da yawa kuma tsarin yana cike da aiki, ya sake faɗuwa. Jinkiri caca ce kawai, kana fatan ɗan'uwanka ya gama kafin ka iso.

Abin da ya zauna daga ƙarshe shi ne na juya tunanin. Na bar ƙa'idar farko ta rufe ƙananan tikitoci ta tsaya nan. Na rubuta ta biyu, wadda rufewar ƙaramin tikiti ke tayarwa: tana duba ko sauran 'yan'uwansa duk sun rufu, in haka ne ta rufe uwar. Duk wanda ya zo ƙarshe shi zai ja ƙofa, ba ruwana da wane ne. Sai dai dole ka sa alama a wani ɗan akwati da ke ba da izinin aikin wata ƙa'ida ya tayar da wannan, in ba haka ba shiru za ka ji, don a kashe yake zuwa. Dalilin kashe shi a fili yake, ƙa'idoji biyu na iya yi ta tayar da juna ba iyaka, ko da yake manhajar tana katse irin wannan zagayen idan ya kai sau 10. Na manta akwatin a gwajin farko, na ƙara ɓata rabin awa ina zargin sharaɗina.

Yanzu kafin in taɓa tsarin da mutane ke aiki da shi, ina da wani fili na gwaji da babu kowa a ciki sai ni, kuma tsakanin kowane aiki da na gaba ina sa ƙa'idar ta rubuta a kundin bibiya abin da take gani a gurbin a daidai wannan lokacin. Ba na cire waɗannan layukan sai na ga ƙimar da nake tsammani ta fito a kowane mataki. Ina kuma buɗe tarihin tikitin in duba canjin ya shiga, ba matsayi kaɗai ba.

Makon jiya Hajiya ta sake leƙowa. Tana so idan mai gwaji ya mayar da tikiti baya, ya koma hannun ainihin wanda ya gyara shi, ba shugaban rukuni ba. Ta tambaye ni ko wannan ma minti goma ne. Na ce ta ba ni zuwa Alhamis.