Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗa Na Kowa Ne

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin sayen gidanmu. Ku yi mini afuwa, gida zai jira. Tun ranar Talata maganar matar nan ta gidan suna ta dawo mini, ina wanke-wanke tana raina, ina kan sallaya tana raina, na ga idan ban rubuta ta ba ba zan samu sukuni ba.

Sunan jikan Hajiya ne, a zauren da muka saba kamawa haya. Na shigo da kular waina a hannu, ban ko ajiye ba ta ɗaga murya ta ce, "Ku ɓoye 'ya'yanku, ga 'yar kotu nan ta shigo." Aka yi dariya. Ba ta tsaya nan ba, ta juya ga wata baƙuwa da ba ta fi wata biyu da zuwa Amurka ba ta ce ai ni ce ke raba uwa da ɗanta, Turawa na biyana. Na ajiye kular, na gaida Hajiya, na zauna. Ban ce uffan ba. Ba don ba ni da amsa ba, sai don na yi rantsuwa a gaban alƙali cewa abin da na gani a fayil ɗin yaro ba zai fita daga bakina ba. Yaran da take nufi yanzu sun girma, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane su, shi ya sa yau nake iya magana.

Amma bari in fara da Goggo, don ba don ita ba da ban shiga wannan aiki ba. Kun san ina shekara 5 aka ɗauke ni daga Funtuwa aka kai ni Zariya riƙo wurinta. Ba wanda ya tambaye ni, haka ake yi. Inna ta ɗaure mini kaya a ɗankwali ta shige ɗaki don kada a ga idonta. Goggo ta riƙe ni riƙon Allah, ban taɓa kwana da yunwa ba, ita ta tsaya kai da fata sai na yi boko. Sai dai a gidan da ke jingine da namu akwai wata yarinya sa'ata, ita ma 'yar riƙo, da take tallan goro har bayan isha'i, in ciniki bai cika ba mu ji kukanta ta katanga. Duk unguwa an sani. Duk unguwa kuma ana cewa ɗa na kowa ne. Goggo kan tsaya da muciya a hannu ta saurara, sai ta ce, "Ɗa na kowa ne, 'yar nan, amma wa ya taka ya je ya duba?" Sau ɗaya ta yafa mayafi ta shiga gidan, aka ce mata ta yi ta kanta. Ban san inda yarinyar nan ta ƙare ba.

Wannan tambaya ta Goggo ita ce aikin da na yi shekara da shekaru a kotun yara a jihar Arewacin Karolina. A can, duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi, doka ta wajabta masa ya kai rahoto, ko maƙwabci ne ko malamin makaranta. Ma'aikatan walwalar jama'a su bincika, in sun ga abin ya kai, su shigar da ƙara, alƙali ya ba da umarnin a ɗauke yaron. Su ke ɗauka, ba mu ba. Wannan shi ne abin da matar gidan suna ba ta sani ba, ko ta sani ta ƙi. Mu sai bayan an ɗauka muke shigowa. Iyaye suna da lauyansu, hukuma tana da nata, to wa zai tsaya wa yaron shi kaɗai? Tun 1974 dokar tarayya ta ce jihar da ke son kuɗin tallafi sai ta naɗa wa irin wannan yaro wakili a gaban shari'a. A 1977 wani alƙali a birnin Siyatil, David Soukup, ya ga yana yanke hukuncin da zai juya rayuwar yaro gaba ɗaya alhali bai san komai a kansa ba sai 'yan layukan da ke takarda, sai ya nemi mutanen gari su yi aikin sa-kai, kowa ya ɗauki yaro ko 'yan gida ɗaya ya bi lamarinsu ya zo ya gaya wa kotu. Daga nan abin da ake kira CASA, wato 'yan sa-kai da kotu ke naɗawa su tsaya wa yara, ya bazu a Amurka. Jiharmu ta kafa nata a 1983 a ƙarƙashin hukumar kotuna, da sunan Guardian ad Litem, wato waliyyin yaro na tsawon shari'a. Kowane yaro ana haɗa masa ɗan sa-kai da lauya. Ni kuma ina tsakiya, ni ke nemo 'yan sa-kan, in horar da su, in raba musu shari'o'i, in karanta rahotonsu kafin ya isa teburin alƙali.

Mutum 30 ko kusa da haka ne a hannuna a kowane lokaci. Tsofaffin malaman makaranta, wani tsohon ma'aikacin gidan waya, matan aure, ɗaliban jami'a. Kafin mutum ya fara sai an binciki tarihinsa, ya yi horo na awa 30, ya yi rantsuwa. Ko sisi ba a biyansa. Aƙalla sau ɗaya a wata zai je ya ga yaron ido da ido a inda yake kwana, ya ga malaminsa, ya ga likitansa, ya ga iyayen. Wasu sukan gaji cikin wata 6 su ajiye, in koma neman wani, yaron kuma ya sake sabuwar fuska bayan duk waɗanda ya riga ya sake. Wannan ya fi komai ci mini rai a aikin. Baban yara ya sha iske ni ƙarfe ɗayan dare a teburin cin abinci ina gyaran rahoto, ya ce, "Wai ke ce alƙalin?" In ce masa alƙali zai karanta wannan takarda cikin 'yan mintoci, in na bar kuskure a ciki, a kan yaro zai faɗa.

To, yaran da aka yi mini gori a kansu. Su biyu ne, namiji ɗan shekara 11 da ƙanwarsa. Uwarsu Bahaushiya ce, mijin ya koma gida bai dawo ba, tana aikin dare a masana'anta. Takan kulle su ta tafi, babban ya kula da ƙaramar. A Funtuwa wa zai ɗaga ido? Ni a shekarun nan ina goya 'ya'yan maƙwabta ina dafa tuwo. Amma wata rana tukunya ta kama a kan wuta, ƙararrawar hayaƙi ta tashi, maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana, kafin gari ya waye yara suna gidan riƙo na wasu Turawa. A jiharmu dole a zauna a kotu cikin kwana 7 a duba ko za a ci gaba da riƙe yaro, a kuma saurari ainihin ƙarar cikin kwana 60. Ban san uwar ba, da na san ta da sai in janye hannuna. Sunan kawai na gani a fayil, gabana ya faɗi.

Na ba wata tsohuwar malamar firamare shari'ar, Baturiya mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda ba ta taɓa jin kalmar Hausa ba a rayuwarta. Bayan ziyara ta biyu ta zo ofis da damuwa. Ta ce a takardun ziyara an rubuta cewa uwar ba ta nuna wa babban ɗanta ƙauna: ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa, ƙaramar kawai take ja a jiki. An kuma rubuta cewa yaron ba ya kallon manya a ido, ba ya cin nama, alamar yana ɓoye wani abu. Wallahi sai da na rufe ƙofar ofis na zauna na yi shiru. Ɗan fari ne! Wace Bahaushiya ce ta tashi a gidan kunya za ta kama sunan ɗan farinta a gaban baƙi? Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, "wannan yaron" take cewa, kuma ranar da ya yi haɗari a hanyar Gusau ita ce ta faɗi sumammiya. Na yi wa malamar nan bayanin alkunya, na ce mata sunkuyar da kai ladabi ne, naman kuma tsoron alade yake yi, ba wanda ya gaya masa abin da ke cikin faranti.

Ba ta ɗauki maganata haka kawai ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta koma ziyara ta uku ta zauna a lungu tana kallo. Ta ga uwar ta zo da dambun nama a leda, ta miƙa wa ƙaramar ta ce ta ba yayanta. Ta ga ta lura takalminsa ya matse shi tun kafin ya zauna, mako na gaba ta zo da sabo. Duk ta rubuta. Ta tambayi yaron me yake so alƙali ya sani, ya ce a gaya masa shi ya ɗora tukunyar, ba laifin Mama ba ne. Wannan ma ta rubuta, kalma da kalma. Ɗa na kowa ne, amma wa ya taka ya je ya duba? Tsohuwar nan ta taka, da motarta da fetur ɗinta, tafiyar minti 40.

Akwai agogon da iyaye da yawa ba su san yana tafiya ba. Wata dokar tarayya ta 1997 ta ce yaron da ya yi wata 15 cikin wata 22 a gidan riƙo, hukuma ta nemi a yanke haƙƙin iyaye a kansa, sai fa in akwai dalili, kamar a ce yana hannun dangi. Wata dokar ta 2008 ta ce a sanar da dangi cikin kwana 30 da ɗauke yaro. Uwar yaran nan ba ta da dangin jini a Amurka. Amma tana da wata dattijuwa 'yar garinsu da yaran ke kira Kaka, kuma dokar jiharmu ta yarda da wanda ba jini ba in yana da shaƙuwa mai ƙarfi da yaro. Malamar ta nemo ta, aka duba gidanta, lauyanmu ya gabatar, alƙali ya amince yaran su koma can. Uwar ta samu aikin rana, bayan watanni aka mayar mata da 'ya'yanta. A tsakiyar wannan ne aka yi sunan jikan Hajiya. A daren da aka ce a ɓoye 'ya'ya don na shigo, rahoton da ya nemi a kai su gidan Kaka yana cikin jakata a mota.

Kada wani ya ɗauka kullum haka take ƙarewa. Na sa hannu a rahotannin da suka ce kada a mayar da yaro, har da na wata yarinya da na ga shatar dutsen guga a bayanta. Ban yi nadama ba, ko yau aka kawo zan sake sawa. Duk lokacin da na sa irin wannan hannu, kukan da ke tsallako katangar Goggo nake ji.

Abin da har yau ban huce ba shi ne na masallaci. Bayan wannan shari'a na je wurin liman na ce, "Malam, yaranmu na shiga hannun kotu, ba mu da ko mutum ɗaya da ya san al'adarmu a cikin masu tsaya musu." Allah ya saka masa, ya yi sanarwa bayan Juma'a har sau biyu. Na kafa tebur a bakin ƙofa da takarda da biro. A coci-coci in na je nakan dawo da suna biyar, shida. A nan mutane suka wuce ni suna "Allah ya ba da lada, Hajiya." Wani ya ce shi ba ya shiga harkar hukuma, wata ta ce miji ba zai bari ba. Na san da yawa suna aiki biyu, wasu takardunsu ba su cika ba, tsoron kotu gaskiya ne, ban raina uzurinsu ba. Amma matar gidan suna tana da takardu, tana da mota, 'ya'yanta sun yi aure. Ta zo ta tsaya a gaban teburin, ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta gyara mayafi ta wuce.

Goggo ba ta taɓa gane aikin sosai ba. In na kira ta a waya takan ce, "'Yar nan, yanzu yara nawa kike riƙo?" In ce Goggo ba riƙo nake ba, masu dubawa nake aikawa. Sai ta ce, "To, suna zuwa dai ko?" In ce suna zuwa. Watan da ta rasu ina da zaman kotu uku a jere, ban samu zuwa ko sadakar bakwai ba, sai ta arba'in. Wannan tafiyar da abin da na tarar a ɗakinta labari ne na daban.

Matar gidan suna kuwa mun haɗu a filin idi da ƙaramar sallar da ta wuce. Ta riƙo hannuna tana tambayar jikoki kamar ba a taɓa yin komai ba, na amsa mata da lafiya lau. Takardar masallacin tana nan cikin akwatin da na kwaso daga ofis ranar da na yi ritaya, layi 20 na ja mata da rula. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar gida.