Idan mahara sun tsallaka iyaka, soja ya bi su ko ya tsaya?

Tsakanin Fotokol ta Kamaru da Gamboru ta jihar Borno gada ɗaya ce kan kogin El Beid. Da rani ruwan yakan janye har mai babur ya ratsa ba tare da ya hau gadar ba. Mahari yana tsallakawa cikin 'yan mintuna, sojan da ke bin sa kuwa dole ya taka burki, domin ƙasar da ke gabansa ba tasa ba ce.

Doka ba ta ba shi hanya ba. Sashe na 2(4) na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana amfani da ƙarfi a cikin ƙasar wani. Ikon bin mai laifi da zafi-zafi a teku aka san shi, a sashe na 111 na dokar teku ta 1982, shi ma yana ƙarewa da zarar jirgin da ake bi ya shiga ruwan wata ƙasa. A tudu ƙofofi uku ne: yardar mai ƙasa, izinin Kwamitin Sulhu, ko kare kai a ƙarƙashin sashe na 51 na Kundin Majalisar, wanda har yau ake taƙaddama kan ko ya shafi 'yan bindigar da ba gwamnati ta aiko su ba. A 2005 Kotun Duniya ta ƙi karɓar hujjar Yuganda ta kare kai kan shigarta Kwango.

A ganina a bi su, amma da yarda a rubuce. Sai dai yardar kaɗai ba ta wadatar ba, kuma abin da ya faru a 2015 ya isa shaida. Bayan Boko Haram ta ƙwace Baga a watan Janairu, har da sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi, sojojin Chadi suka haye waccan gada a farkon Fabrairu suka karɓe Gamboru. Washegari mayaƙan Boko Haram suka zagayo ta baya suka faɗa wa Fotokol, suka kashe mutane da dama. An kai duka gaba, an bar ƙeya a buɗe. A watan Maris Chadi da Nijar suka karɓe Damasak, shugaban Chadi na lokacin, Idriss Déby, ya fito yana ƙorafin cewa sojojinsa na zaune a garuruwan Najeriya suna jiran masu gari su zo su karɓa, shiru. Da 'yan Chadi suka bar Gamboru mayaƙan suka dawo, sai a watan Satumba sojojin Najeriya suka sake ƙwato ta.  Haka kuma a Janairun 2020, da Chadi ta kwashe sojojinta 1,200 daga arewacin Borno, mutanen ƙauyukan da ke kusa da sansanoninsu suka ɗaure kaya suka nufi Maiduguri.

Saboda haka sakin layi mafi nauyi a kowace yarjejeniya shi ne na miƙa gari: wace bataliya za ta karɓa, cikin kwana nawa, da wane abinci da man fetur. Idan babu mai karɓa, gara a tsaya ga kai samame a dawo, kada a kafa tuta a sa talaka ya bayyana ɓangarensa.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne a takarda, a fage kuwa su ke kashe mutane. Nisa: rundunar G5 Sahel, wadda ƙasashen Sahel biyar suka haɗa, ta fara da izinin shiga kilomita 50 a kowane gefen iyaka, adadi ne da kwamanda zai iya aunawa a taswira, ba "gwargwadon buƙata" ba. Sai jami'in tuntuɓa na mai ƙasa, wanda zai shiga motar kwamandan baƙi da rediyonsa a hannu. Sojan Najeriya da Turanci aka horar da shi, na Chadi da Nijar da Faransanci, taswirorinsu ma ba lallai su zo ɗaya ba. Sau da yawa Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa ke haɗa su. Ayarin motoci masu ɗauke da bindiga da dare, ba a sanar da zuwansa ba, kama ɗaya yake da na mahara. Wanda aka kama kuma a rubuta tun farko hannun wa za a miƙa shi, wace kotu za ta yi masa shari'a.

Jirgin sama ya fi komai haɗari, domin shi ba ya ganin iyaka. A Fabrairun 2015 wani jirgi ya jefa bam kan masu zaman makoki a Abadam, ɓangaren Nijar, mutum sama da 30 suka rasu. Irin wannan ne ya sa ya kamata a fayyace wanda ke ba da izinin harbi da wanda zai biya diyya tun kafin jirgi ya tashi.

An gina rundunar haɗin gwiwar kan shiyyoyi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya da Diffa a Nijar, hedkwata a Njamena, kowace ƙasa tana riƙe da nata ɓangaren. Tsarin ya kare martabar kowa, musamman Najeriya da Kamaru da rikicin iyaka kan Bakassi da Darak ya bar wa tabo, amma ya sa tsallaka iyaka ya dogara ga jituwar shugabanni. Nijar ta fice daga rundunar a Maris 2025. Kafin ficewar, shiyyarta ta Diffa ce ke tsare gaɓar kogin Komadugu Yobe, daura da Damasak da Malam Fatori.